Injin da Ba Ya Ihu

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Injinan sun iso. Guda biyu, 'yan Kwatano, amma da ƙarfinsu. Akinola, makaniken da ke bayan kasuwar Sabon Gari, shi ya sa aka ɗauko su daga Legas. Ya kira ni ban ko gama shan koko ba: "Baba Nehemiah, kayanka sun zo. Zo ka gani da idonka kafin ka ce Bayarabe ya cuce ka." Na bar kofin a tsakar gida, na tari keke napep daga Samaru.

Fo-sitirok ake ce musu. Tsohon injin jirgina sai ka gauraya masa baƙin mai a cikin fetur kafin ya sha. Waɗannan kuwa baƙin mai yana da wurinsa daban, kamar na mota, fetur zalla suke sha. Kuma ba a kwantar da su ta kowane gefe, in ba haka ba man ya malale inda bai kamata ba. Akinola ya yi ta maimaita min har na gaji. Na ce masa ni ba ɗan goye ba ne, ina kamun kifi a dam ɗin Shika tun kana wasan ƙasa a garinku.

Sai ya ce, "Amma Baba, jirgi ɗaya, inji biyu na mene ne? Dam ɗin nan fa ba teku ba ne." Na ce in ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗaya yana nan. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge fulogi.

Daga shagonsa zuwa gidan Elizabet, yayar matata, ba nisa. Can matar tawa, Keziya, take zaune tun bayan jana'izar yaronmu. Ta ce in zaɓa, ko ita ko jirgin nan, aƙalla haka na fahimta. To zan gyara shi yadda ba zai ƙara mutuwa da kowa a kan ruwa ba, ta gani, ta dawo gida. Na tsaya a bakin layinsu, ban shiga ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da yamma

Na dafa shinkafa ta yi yawa. Har yanzu hannuna na mutum uku yake aunawa. Na miƙa wa ɗaliban da ke haya a makwabta, suka yi ta godiya da Turanci da Hausa a haɗe.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan na dawo daga dam

Matsala ta fito. Katakon bayan jirgin, inda ake ɗaure inji, ya ruɓe daga ciki. Na soka wuƙa ta shige kamar a doya. Tsohon injin mara nauyi ne, shi ya sa ya riƙe shi. Sababbin nan kowannensu ya fi buhun masara nauyi, balle su biyu. Akinola ya ce in muka ɗora su a haka, bayan jirgin zai ɓalle ya tafi da su ƙasan ruwa, mu yi asarar banza. Sai an sa sabon katako mai kauri, a ɗaure shi da faifan ƙarfe ciki da waje, a bi da kwalta.

Kafin nan dole a sauke tsohon. Tun watan Agusta ban taɓa shi ba. Murfinsa a buɗe yake, yadda masunta suka same shi a waccan safiyar a cikin ciyawa, jirgin ba kowa. Sifana ɗaya tana nan a ƙarƙashin benci. Na ce wa Akinola ya kwance shi, ni zan je in duba raga. Ba wata raga da na duba. Na zauna a bayan wata bishiyar kaɗanya har na ji ya kira ni.

Ya tambaya ko zai tafi da shi ya ciri kayan gyara. Na ce ya kai shi duk inda ba zan ƙara ganinsa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan sujada

Matan Zumunta sun yi waƙa. Wurin Keziya a layi na biyu wata ce a tsaye, mai murya kamar ana tsaga langa-langa. Bayan an tashi kowa sai "Yaya Mama? Yaushe za ta dawo?" Na ce tana hutawa ne. Hutu! Mutane da son jin ƙwaf, kamar ba su sani ba.

Gidan nan ya yi min girma. Ina kewarta, ba sai na ɓoye wa takarda ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Mun kafa sabon katakon. Maɗaci ne, na zaɓe shi da kaina a 'yan katako. Mai walda ya huda faifan ƙarfen a karkace, sai da aka koma Sabon Gari aka sake. Na yi masa tas. Daga baya na ga abin bai kai haka ba, amma na riga na faɗa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Elizabet. Na kai busasshiyar tarwaɗa da na saya a kasuwa, ni da ban taɓa sayen kifi ba a rayuwata. Elizabet ta karɓa, ta ba ni kujera a tsakar gida kamar wanda ya zo zance. Ta daɗe a ciki kafin Keziya ta fito. Ta rame. Ɗankwalin da ke kanta ma ba nata ba ne.

Ta gaishe ni gaisuwar baƙo: yaya hanya, yaya mutanen Samaru. Na ce, "Maman Ƙauna, na zo in gaya miki aikin da ake yi." Ina faɗin haka na ga fuskarta ta canza, ta juya ta kalli bango. Na ɗauka maganar jirgin ce ba ta so, sai na ƙara sauri. Na ba ta labarin inji biyu, da katakon maɗaci, da yadda ba sa shan mai sosai, da yadda ja ɗaya suke tashi. Na ce ko hadari ya taso daga ina, jirgin nan zai kawo mutum gaɓa.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Ko goma ka sa." Ta tashi ta shige.

Elizabet da ke tsince wake a gefe ta ce, "Ihu bayan hari ke nan, Baban Ƙauna." Na so in ba ta amsa, sai na tuna a gidanta nake. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na sani. Amma ni fa? Ni dutse ne? Ita kaɗai ta haifa? Na sayar da gonata ta Bomo saboda injinan nan, ba don in burge kifi ba. Me kuma take so in yi, in sa wa jirgin ashana? Da shi muka ciyar da yaranmu, da shi Ƙauna ta yi makarantar jinya.

Na dawo a ƙafa har Kwangila kafin zuciyata ta sauka na nemi abin hawa.

Asabar, 19 ga Oktoba, da safe

Ban je ko'ina ba. Ɗakin da ke kusa da rijiya yana nan a kulle.

Talata, 22 ga Oktoba, da la'asar

An ɗora injinan. Mutum huɗu muka kama kowanne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan jirgin ya ɗan nutse fiye da da, sai muka mayar da tankin fetur da akwatin raga can gaba, ya daidaita. Akinola ya auna tsayin farfela da zare, ya ɗaga ɗaya da guntun katako. Ya ce kada in tayar da su sai ya zo jibi. Na ce to.

Laraba, 23 ga Oktoba, da rana tsaka

Sabo turken wawa.

Ban jira shi ba. Na je tun da safe da jarkar fetur, na buɗe tanki, hannuna da kansa ya ɗauko gwangwanin baƙin mai ya auna ya tsiyaya ya girgiza. Ina ma rera waƙar coci a hankali. Sai da na ja igiya, injin dama ya tashi ya yi ta aman hayaƙi shuɗi yana tari, sannan ya mutu. Na tsaya ina kallon gwangwanin a hannuna.

Na kira Akinola. Ya bar shago ya zo a kan mashin. Ya shinshina tankin, ya dafe kai. "Haba Baba, wetin be dis? Sau nawa na faɗa? Ba gaurayawa!" Na ce na sani. Ya ce, "Ka sani ka yi?" Na ce kaina ya sani, hannuna ne bai sani ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ɗan banza, ni ma na ɗan yi. Rabona da dariya an daɗe.

Allah ya taimaka ba a yi ɓarna ba. Ya juye tankin, ya wanke fulogi da kafireta. Gaurayayyen man na ba wani mai injin ban ruwa. Gwangwanin kuma Akinola ya sa a aljihunsa ya ce ba zai bar min makami ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Mun gwada su a ruwa. Ja ɗaya, na hagu ya tashi. Ja ɗaya, na dama. Na juya na ce wa Akinola sun mutu. Ya ce, "Suna aiki, Baba, taɓa ka ji." Na taɓa murfin, yana ɗan kaɗawa. Ikon Allah. Ba hayaƙi, ba ƙara, sai wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa.

Na sauke Akinola a gaɓa na sake fita ni kaɗai. Ina tafiya ina jin ruwa yana bugun katako. Ina jin mata suna wanki a hayin can, har abin da suke cewa. Ina jin cikina yana kuka. Gaskiya ban ji daɗi ba. Tsohon injin in ya tashi ko kanka ba ka ji. Shekarun da muka yi ni da yaron a cikin jirgin nan, da hannu muke magana. In na ɗaga haɓa ya san raga nake nufi. In ya buga gefen jirgi sau biyu na san a juya. Mu fita mu dawo ba a yi kalma goma ba, kuma babu wanda ya ƙosa.

Da ma can ba mu cika magana ba. Ɗan fari ne. A ƙauyenmu wajen Giwa ana jin kunyar ɗan fari, uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Babana ya karɓi baftisma da furfurarsa, ya bar tsafi ya bar giya, amma har ya mutu bai kira sunan yayana ba. Ni ma haka na tashi. "Kai" nake ce masa, ya amsa. Su Keziya mutanen Zonkwa ba su san wannan ba, da farko dariya take min.

Na bi ta gefen yamma na dawo. Ban bi ta tsakiya ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Na kama karfasa masu kyau. Ba wanda zan nuna wa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Ƙauna ta kira daga Kaduna. Na fara ba ta labarin injinan, ta katse ni. "Baba, don Allah ka bar maganar inji. Mama ba ta taɓa cewa ka sayar da jirgi ba. Kai ka ji haka." Na ce to me ta ce? Ta ce, "Ranar da za ta tafi ta ce ba za ta iya zama a gidan da ake yi kamar ba a taɓa haifarsa ba." Na ce wa ke yin haka? Ni da ko ƙofar ɗakinsa ba na iya kallo? Na ji tana jan hanci. Ta ce, "Ka tambaye ta, Baba. Ba a bakina ya kamata ka ji ba."

Yaran zamani. Ka biya musu makaranta su dawo suna yi maka magana a dunƙule. Na kasa cin tuwon da na saya.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Ƙauna ta sake kira. Wai matar Akinola ta kai labari gidan Elizabet cewa jirgin ya tashi, har da labarin baƙin man, munafukai. Keziya ta ce ranar Asabar za ta zo bakin ruwa. Ta ce in kai ta wurin da abin ya faru.

Tun da muka yi aure ba ta taɓa shiga jirgin nan ba. Tsoron ruwa take ji.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Na wanke jirgin da omo. Na duba baƙin man kowane inji da ɗan sandan awo, yadda aka koya min. Na aro rigar ruwa, irin mai hana nutsewa, a wurin wani masunci. Na share gida ma, ban san dalili ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma liƙis

Ta zo ita kaɗai, rana ta ɗan ɗaga. Ta sa rigar ruwan a kan zaninta. Na riƙe mata hannu ta shiga. Ta zauna a bencin tsakiya, ta ba ni baya.

Na ja igiya, muka tashi. Mun yi nisa kaɗan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Me ya sa ka kashe?" Na ce ban kashe ba, haka suke. Ta gyaɗa kai.

Na kai mu tsakiya, daura da busasshiyar bishiyar nan da ke tsaye a ruwa. Masunta sun ce a nan suka hange shi na ƙarshe kafin ruwan sama ya rufe ko'ina, a sunkuye kan inji. Na rage tafiya. Na ce, "Nan ne." Ta daɗe tana kallon ruwan. Ba komai a wurin, ruwa ne kamar kowane ruwa.

Sai ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. Ta ce, "Ranar nan duk wanda ke bakin dam ɗin nan kiransa yake yi. Fasto yana kira. Masunta suna kira. Har Fulanin da suka kawo shanu shan ruwa, da ba su taɓa ganinsa ba, sun tambayi sunansa suna kira. Kai ubansa kana cikin ruwa har ƙirji kana cewa Kai! Kai! Wane ne Kai? In yana ji a lokacin, ta yaya zai san shi ubansa yake nema?"

Na ce, "Ya sani. Duk duniya shi kaɗai nake ce wa haka."

Ta ce, "A wurin jana'iza ka ce yaron nan. A gida ka ce wancan ɗakin. Ni ma ka tsallake shi ka ce min Maman Ƙauna. Yana da rai na yi haƙuri, al'adarku ce. Yanzu kunyar wa kake ji? Ni na ɗauki cikinsa, kai ka zaɓi sunan a cikin Littafi, ka raɗa wa Fasto a kunne. Ban taɓa jin sa a bakinka ba. Ina so in ji."

Na murɗa maƙurar injin. Ban yi niyya ba, hannuna ne. Da tsohon ne da ya rufa min asiri, da na nuna mata kunnena na ce ba na ji. Waɗannan sai suka ɗan ƙara gurnani kawai, ina jin numfashinta sarai. Na mayar da maƙurar. Na kashe su duka biyun.

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na ji kamar babana yana zaune a gaban jirgin yana kallona. Keziya ba ta matsa min ba, ta naɗe hannu a kan rigar ruwan tana jira. Wani tsuntsu ya tashi daga kan bishiyar.

Na ce, "Japheth."

A hankali ya fito, kamar ba muryata ba. Ta ce, "Ba zai ji ba." Na miƙe tsaye, jirgin ya yi tangaɗi, na dafa murfin inji. Na kira da duk ƙarfina. Japheth! Matan da ke wanki a hayi suka tsaya cak. Na sake kira. Na uku ban iya ƙarasawa ba, na zube a cikin jirgin. Na yi kukan da ban yi ba a watan Agusta, ni tsoho, a gaban matata, da rana tsaka. Ta rarrafo daga bencinta, ita mai tsoron ruwa, ta riƙe kaina.

Mun daɗe a wurin. Iska ta tura mu har kusa da ciyawa. Daga baya ta ce, "Mu koma." Na ja igiya.

A bakin titi mai keke ya tambaya ina za a kai ta. Na kawar da kai don kada ta ga fuskata. Ta ce, "Samaru."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da sassafe

Ta buɗe ɗakin Japheth, ta ɗaga labule. Takalman ƙwallonsa suna bayan ƙofa, da laka a jikinsu. Mun tsaya mun kalla, ba mu taɓa komai ba tukuna.

Yanzun nan ina zaune a kan tabarma ta ɗaga murya daga kicin, "Baban Japheth, ina ka kai ludayina?" Tun yana jariri in ta kira ni haka gyaran murya kawai nake yi, in jira ta sake kira da wani sunan.

Na ce, "Na'am."